Jaraba da Hanyar Rinjayarta a Rayuwar Kiristocin Ƙasar Ƙonni

Kalmar jaraba tana cikin kalmomin da Hausa ta aro daga Larabci tun da daɗewa, kuma tushenta ɗaya ne da na jarrabawa, wato gwada abu domin a san ingancinsa, sai dai da tafiya ta yi nisa kalmomin biyu sun raba hanya a bakin jama'a. Idan aka ce Allah ya jarrabi bawansa, ana nufin ya ɗora masa wani nauyi, ko ciwo ko talauci ko rashi, domin haƙurinsa ya bayyana, amma idan aka ce wane jarababbe ne, ana nufin akwai wani abu, ko taba ko caca ko mata, da ya kama masa zuciya har ya kasa sakinsa. Wannan rabuwa da harshe ya yi da kansa tana sauƙaƙa fahimtar koyarwar Kirista a kan batun, domin a Helenanci, harshen da aka rubuta Sabon Alkawari da shi, kalma ɗaya ce, peirasmos, take ɗauke da ma'anonin biyu, kuma mai karatu ne zai duba wurin da ta zo ya gane ko gwaji ake nufi ko jan hankali zuwa zunubi. Wasiƙar Yakubu, a sura ta 1, ta yi amfani da ita ta fuskokin biyu cikin ayoyi kaɗan: ta yaba wa wanda ya jure gwaji, sannan ta hana mutum ya ɗora wa Allah alhakin jarabarsa, tana mai bayyana cewa sha'awar mutum ce take jansa, ita ce take ɗaukar ciki ta haifi zunubi, shi kuma zunubin in ya girma ya haifi mutuwa. Batun bai tsaya a littattafan malamai ba, domin a ranar 3 ga Disamba 2017 majami'un Katolika na Faransa suka sauya lafazin roƙo na shida a cikin Addu'ar Ubangiji, wato addu'ar da Yesu Almasihu ya koya wa almajiransa, saboda tsohuwar fassarar tana iya sa mai sauraro ya zaci Allah ne yake tura mutum cikin jaraba, kuma sauyi irin wannan yana shafar duk inda ake sujada da Faransanci.

Kiristocin Nijar ba su kai kashi biyu cikin ɗari na al'ummar ƙasar ba, kuma a gundumomin Birnin Ƙonni da Malbaza da Illela na jihar Tawa tsiraru ne ƙwarai a tsakiyar maƙwabta da dangi Musulmi. Mishan ɗin SIM, wadda aka kafa a 1893, ta shiga Nijar ta Damagaram a 1924, ta yi ƙarfi a Tsibiri kusa da Maraɗi, sannan a 1950 ta buɗe asibitin Galmi, wanda yake a gundumar Malbaza ta yau, a bakin babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta ratsa Ƙonni ta nufi Maraɗi. Daga aikin wannan mishan ne ikilisiyar EERN ta fito a lokacin samun 'yancin kai, kuma kalmar ikilisiya tana nufin taron masu bi, yayin da majami'a take nufin ginin da suke taruwa a ciki. Katolika na yankin kuwa suna ƙarƙashin dayosis ɗin Maraɗi, wato yankin da bishop ɗaya yake kula da shi, wanda aka kafa a 2001. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito tun 1932, saboda haka manomin Galmi da ma'aikacin siminti na Malbaza suna jin wa'azi a kan jaraba da harshen da suke ciniki da shi, abin da ya rage shi ne ko wa'azin yana taɓa cinikin.

Labarin da koyarwar take farawa da shi yana cikin Matiyu sura ta 4 da Luka sura ta 4, inda aka ba da labarin azumin kwana 40 da Yesu ya yi a jeji, da yadda Iblis ya zo masa da abubuwa uku: ya mai da duwatsu abinci, ya faɗo daga kan Haikali don ya tilasta wa Allah ya cece shi, ya karɓi mulkin duniya a madadin sujada ɗaya. Masu sharhi sun daɗe da lura cewa ba a fara da wani abin ƙyama ba, da abinci aka fara, kuma a lokacin da yunwa ta kai maƙura. Mutanen ƙasar Adar ta jihar Tawa, waɗanda suka ga yunwar 2005 da idonsu, kuma suka san yadda rumbu yake yin sauƙi tun kafin damina ta kankama, ba su bukatar dogon bayani a nan. Mafi yawan jarabar da ke kayar da talaka tana shigowa ne da rigar bukata ta halal, wato cefane da kuɗin magani da kuɗin makaranta, aibin yana cikin hanyar da ake nuna masa ta biyan bukatar. Wasiƙar Ibraniyawa, sura ta 4, ta ƙara da cewa an jarrabi Almasihu ta kowace fuska kamar sauran mutane amma bai yi zunubi ba, kuma daga nan malaman Kirista suka fitar da ƙa'idar cewa zuwan jaraba ba shi ne zunubi ba, amsa mata ne zunubi.

Agustin, bishop ɗin Hippo, garin da ake kira Annaba a Aljeriya ta yau, wanda ya rayu daga 354 zuwa 430, ya kasa tafiyar jaraba mataki uku a sharhinsa na Huɗubar Kan Dutse: shawara, sai jin daɗin shawarar, sai yarda. Buhun albasa ya isa ya nuna yadda matakan suke aiki. Albasar Galmi mai ruwan shunayya ta yi suna har Abijan da Akara, ana dasa ta da sanyi a fadamun Majiya da gonakin rani na Ƙonni, a cire ta wajen watan Maris da Afrilu, a daidai lokacin da kowa ya cire tasa, farashi ya faɗi warwas, ga bashin taki da na man injin ban ruwa suna jira. Mai hali yana zuba tasa a rudu, wato rumfar kara da ake ajiye albasa a ciki don iska ta riƙa ratsa ta, ya jira tsada, amma ajiyar tana cin rabonta, wasu su ruɓe, wasu su tsiro. Ranar ɗurin buhu manomi yana tsugune, tsibin manya masu ƙyalli a damansa, tsibin ƙanana da waɗanda suka fara laushi a hagunsa, kuma ya san cewa dillali a Galmi ko a Tsarnawa bakin buhu kawai zai duba, motar kuma sai ta yi kwanaki a hanya kafin wani ya zazzage buhun a ƙasar da ba a san sunansa ba. Tunanin cusa masu laushin a tsakiya shi ne shawara, kuma ba wanda ya isa ya hana shi giftawa. Lissafin jaka nawa za ta ƙaru, da nanata lissafin, da nemo hujjar cewa kowa haka yake yi kuma ai dillalin ma yana cutarsa a farashi, shi ne jin daɗi. Miƙa hannun hagu shi ne yarda. Abin da Agustin yake son a gane shi ne cewa yaƙin ya fi sauƙi a mataki na farko, ya yi wuya a na biyu, kuma wanda ya bari sai hannu ya miƙe kafin ya fara kokawa ya riga ya makara. Ya kuma ƙara da cewa yardar da aka maimaita tana zama al'ada, al'adar da ba a tsayar ba ta zama tilas, wanda shi ne ainihin abin da Bahaushe yake nufi da jarababbe.

Abin lura ne cewa wa'azin jaraba, a majami'u da dama na ƙasar Hausa, ya fi karkata ga zina da giya, alhali Littafi Mai Tsarki ya tsananta a kan mudu da ma'auni tsanantawar da ba ta gaza ta waɗancan ba. Annabi Amos, a sura ta 8, ya kai ƙarar 'yan kasuwar da suke ƙanƙanta mudu, suna tsawwala farashi, suna haɗa dussa da hatsi su sayar wa matalauta, littafin Karin Magana kuma, a farkon sura ta 11, ya sa ma'aunin algus cikin abubuwan da Allah yake ƙyama. Maƙwabcinsa Musulmi ya san irin wannan gargaɗi a sura ta 83 ta Alƙur'ani, wadda ta yi magana a kan masu tauye awo, saboda haka a wannan fage ba wanda zai ce bai ji ba. Ga ɗan tsiraru kuwa nauyin ninki biyu ne, domin a garin da Kiristoci ba su wuce gidaje ƙalilan ba, buhu ɗaya na algus ba sunan mai shi kaɗai yake ɓatawa ba.

Iyaka tana da tata jarabar, kuma ta fi ta albasa sarƙaƙiya. Tsakanin Birnin Ƙonni da Illela ta jihar Sakkwato, wadda ba ita ce Illela ta jihar Tawa ba, 'yar tafiya ce, dangi ɗaya ne a ɓangarorin biyu, kuma shekaru da yawa man fetur na ruwa-ruwa, wato wanda ake shigowa da shi ta ɓarauniyar hanya a sayar a kwalabe da jarkoki a bakin titi, ya ciyar da gidaje masu yawa. Rufe iyakar da Nijeriya ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da cire tallafin mai a Mayun 2023, da takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, duk sun matse hanyar halal, kuma idan hanyar halal ta matse, ɓarauniyar hanya takan faɗaɗa. Wasiƙar Romawa, sura ta 13, ta umarci mai bi ya biya haraji da kuɗin fito, ba ta kuwa yi togaciya ba, amma faston da zai karanta wannan a Ƙonni ya san cewa a cikin masu sauraronsa akwai ɗan kabu-kabun da jarka biyu ce tsakaninsa da kwana da yunwa. Adalcin magana shi ne ba daidai ba ne a haɗa wannan saurayi da mai tirela goma a ma'auni ɗaya, kuma ba daidai ba ne a ce masa babu komai, domin sana'ar da take tafiya da ƙarya a shinge da miƙa na goro tana koya wa zuciya wani hali da ba ya tsayawa a shingen.

Sai kuma bida, wato tafiyar da samarin Adar suka gada ta neman kuɗi bayan girbi, zuwa Abijan ko Legas ko Libiya, wasu na wata shida, wasu na shekaru. Mai aure ya bar matarsa, ya sauka inda babu fasto, babu dattijo, babu wanda ya san mahaifinsa, kuma a nan ne ake gane ko tsoron Allah ne yake riƙe da shi a gida ko idon mutane. Misalin da ake kawowa a nan shi ne na Yusufu a gidan Fotifar, a Farawa sura ta 39, labarin da Musulmi ma suka sani a sura ta 12 ta Alƙur'ani, kuma darasin da Kiristoci suke ɗauka daga ciki ba na jarumtar tsayawa ba ne, na gudu ne, domin Yusufu bai tsaya muhawara ba, rigarsa ya bari ya fita. Kishiyarsa shi ne Dawuda, a littafin Sama'ila na biyu sura ta 11, wanda ya zauna gida lokacin da sarakuna suke fita yaƙi, ya hau soro, ya hango matar wani, ya ci gaba da dubawa, ya aika a tambayo, kowane mataki ƙarami ne, ƙarshensu kuwa kisan kai. A yau soron yana cikin aljihu, a wayar hannu, kuma tiramol, ƙwayar da leburori da 'yan kabu-kabu suke fara sha don su jure aiki, tana bin wannan tsani daidai, daga bukata zuwa al'ada zuwa tilas. A mataki na ƙarshen nan addu'a ba ta hana zuwa wurin likita, kuma ikilisiyar da ta taso a gindin asibiti ita ce ta fi cancanta ta san haka.

Akwai jarabar da ta keɓanta ga 'yan tsiraru, wadda ba ta da alaƙa da kwaɗayi. Budurwar da ta kai aure a ƙauyen da samarin ikilisiyarsu ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, tana jin koyarwar Korantiyawa ta biyu sura ta 6 da ake fassarawa da hana aure da wanda ba mai bi ba, tana kuma jin gorin gari a kan wadda ta daɗe a gida. Magidancin da matarsa ba ta haihu ba yana cikin al'ummar da ƙarin aure abu ne na yau da kullum, ikilisiyarsa kuwa mace ɗaya ta yarda da ita, kuma masaniyar tarihi Barbara Cooper, a littafinta na 2006 a kan Kiristocin Maraɗi, ta nuna yadda batun aure ya daɗe yana wahalar da ikilisiyoyin da suka fito daga SIM. Uwar da ɗanta ya daɗe yana ciwo, an sha magani ba sauƙi, za ta sami wata gwaggo da za ta ce mata, cikin ƙauna ba da mugunta ba, 'yata, a gwada na gida mana, ana nufin boka ko 'yan bori. A ƙasar Ƙonni wannan ba tatsuniya ba ce, domin a Masalata, dab da birnin, Azna, masu bin addinin gargajiya, suna riƙe da al'adar Arwa, wato duban abin da shekara za ta zo da shi, kuma tsohon addinin bai ƙaura daga zukata ba don an sauya suna. Koyarwar Kirista ba ta hana sassaƙe da saiwa a matsayin magani, abin da ta hana shi ne yanka da alkawari ga iskoki, kuma tana ganin wannan a matsayin ɗan'uwan jaraba ta uku ta jeji, wato samun abin da ake so a madadin sujada ɗaya.

Fushi ma jaraba ne. A ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015 an ƙona majami'u da dama a Damagaram da Yamai a zanga-zangar da ta biyo bayan zanen jaridar Charlie Hebdo, kuma shugabannin ikilisiyoyin ƙasar sun yi kira ga gafara maimakon ramuwa, amma gafarar da aka furta a taro daban take da wadda mutum zai riƙa sabuntawa a zuciyarsa duk safiya idan ya fita gaida maƙwabta.

Makaman da al'adar Kirista ta tanada kaɗan ne kuma tsofaffi ne. Na farko shi ne Nassi da aka haddace, domin amsoshi ukun da Yesu ya bayar a jeji duk daga littafin Maimaitawar Shari'a suke, surori na 6 da na 8, wato bai ƙirƙiro hujja a lokacin ba, abin da yake da shi a ka ya ɗauko. Masu zuhudu na hamadar Masar sun mai da wannan ilimi mai tsari: Ebagiriyus, wanda ya rasu a 399, ya lissafa miyagun tunani 8, wato haɗama da sha'awa da son kuɗi da baƙin ciki da fushi da kasala da son yabo da girman kai, ya kuma tattara ayoyi kusan 500 da za a mayar wa kowannensu martani da su, kuma daga jerinsa ne Fafaroma Giregori na ɗaya ya fitar da manyan zunubai 7 wajen ƙarshen ƙarni na 6. Kasalar da ya ambata, wadda ya kira aljanin tsakar rana, ba lalacin jiki ba ce, gajiyar zuciya ce da take sa mutum ya ga addu'a da aiki da zama inda yake duk ba su da amfani, kuma duk wanda ya san zafin Afrilu a Ƙonni zai gane dalilin sunan. Na biyu shi ne addu'a da azumi, wanda Katolika suke yi kwana 40 kafin Ista, daga Larabar Toka, sauran ikilisiyoyi kuma suke sa nasu lokutan, kuma hikimarsa ita ce wanda ya saba ce wa cikinsa a'a a kan halal zai fi iya cewa a'a a kan haram. Duk da haka Kiristoci ba su ɗauki waɗannan a matsayin ƙarfin kai ba, suna cewa alheri ne, wato taimakon da Allah yake bayarwa ba don an cancanta ba, ta wurin Ruhu Mai Tsarki.

Ayar da aka fi ƙarfafa masu bi da ita tana cikin Korantiyawa ta ɗaya, sura ta 10, inda Bulus ya tabbatar cewa Allah ba zai bari a jarrabi mutum fiye da ƙarfinsa ba, kuma tare da jarabar zai buɗe mafita. Sau da yawa ana karanta ta kamar mafitar wani abu ne da yake faruwa a ɓoye cikin zuciya, alhali wasiƙar ga taro aka rubuta ta, kuma a ƙasa irin wannan mafitar takan zo da ƙafafu biyu. Zumuntar Mata, wato ƙungiyar matan ikilisiya, idan ta kai wa gwauruwa tiyar hatsi a tsakiyar damina, ta rufe wata ƙofar da wa'azi goma ba zai rufe ba. Ɗan'uwan da ya ranta wa manomi kuɗin taki ba da ruwa ba ya rage nauyin tsibin hagu ranar ɗurin buhu, dattijon da yake kiran ɗan bida a waya duk mako ya mayar masa da idon da ya baro a gida. Wasiƙar Yakubu, a sura ta 2, ta yi ba'a ga wanda zai sallami mayunwaci da fatan alheri ba tare da ya ba shi komai ba, kuma ikilisiyar da take tsawata wa budurwa a kan auren waje ba tare da ta haɗa matasanta da na Maraɗi da Dogon Dutse da Tawa a tarurruka ba, ta kusa faɗawa cikin wannan ba'a.

Cikas mafi girma ga wannan taimakon juna ita ce kunya, wadda take da fuska biyu. Ita ce take hana mutum abin da zai zubar da mutuncin gidansu, ita ce kuma take hana shi buɗe baki tun jarabar tana matakin shawara, lokacin da magana ɗaya da amintacce za ta kashe ta. Katolika suna da ikirari, wato furta zunubi a asirce gaban fada, wanda aka haramta masa fallasa abin da ya ji ko da za a kashe shi. Ikilisiyoyin bishara, irin su EERN, ba su da wannan tsari, suna dogara ga umarnin Yakubu sura ta 5 na furta wa juna laifi, amma a ƙaramin gari, inda matar dattijo ƙanwar surukar mutum ce, furtawar tana da tsada, shi ya sa galibi ba a jin labari sai abu ya fashe. A nan ne horo yake shigowa, wato dakatar da mai laifi daga Jibin Ubangiji, cin gurasa da shan ƙoƙon tunawa da mutuwar Almasihu, da kuma daga riƙe muƙami, na wani lokaci da dattawa za su yanka. Tushensa yana cikin Korantiyawa ta ɗaya sura ta 5, amma wasiƙa ta biyu, a sura ta 2, ta umarci a karɓi wanda ya tuba a ta'azantar da shi kada baƙin ciki ya haɗiye shi, kamar yadda Bitrus, wanda ya yi musun ubangidansa sau uku a dare ɗaya, aka tambaye shi sau uku a Yohanna sura ta 21 aka mayar masa da kiwon garke. Inda horon yake da rauni shi ne a wajen zaɓen wanda yake faɗa wa, domin laifin da ido yake gani shi ake hukuntawa: cikin budurwa yana fitowa a wata na biyar, a kira ta gaban dattawa, a sanar da dakatarwarta ranar Lahadi, ta koma bencin baya ta zauna ana miƙa faranti ana tsallake ta, saurayin kuwa wataƙila yana Abijan, buhun da aka cusa wa ruɓaɓɓiyar albasa a tsakiya kuma ya riga ya tsallake iyaka.